Sabon SSD ya ƙi bayyana a kwamfutar da na haɗa, ina neman shawara

Mai_Bidiyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka, kaina ya ɗaure. Na haɗa sabuwar kwamfuta da hannuna saboda aikin haɗa bidiyo. Tsohuwar ta gaji, da na buɗe fayil mai nauyi sai ta tsaya cak, fanka na ta ihu, ga masu aiki suna ta kira. Na daɗe ina tara kuɗi, na sayi komai sabo: madabod, firosesa Intel ƙarni na 12, RAM 16GB, da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, irin na M.2 mai 1TB. Tsohon had disk ɗina mai 2TB ma na jona shi, don duk ayyukana suna ciki, har da tsohuwar Windows. Kwamfuta ta tashi lafiya. Na sa filash zan loda Windows 11, da na zo wurin zaɓar inda za ta zauna, had disk kaɗai nake gani, SSD babu shi babu dalilinsa. So nake in raba shi uku, C da D da E. Ko a lalace ya zo ne?

Oga_Gyara:
Wa alaikumus salam. Bai lalace ba, VMD ne, wato wani tsarin sarrafa disk. Daga ƙarni na 11 zuwa sama Intel na da wannan tsarin, in yana kunne, filash ɗin Windows ba ya ganin SSD irin na NVMe sai da direba, wato manhajar da za ta sa ya gane shi. Kashe kwamfutar, kunna, ka riƙa danna Del ko F2 har ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod. Nemo VMD a sashen ajiya, ka kashe shi, F10 ka adana. In ba ka son taɓa shi, sauke direban Intel Rapid Storage Technology (RST) daga shafin kamfanin madabod ɗinka, ka warware fayil ɗin a filash, a wurin zaɓar disk ka danna Load driver. Amma ka zaɓi hanya ɗaya tun yanzu. In ka loda Windows da VMD a kunne, daga baya ka kashe shi, ba za ta tashi ba.

Hajiya_IT:
Malam, ba ka faɗi babban abin ba: BIOS yana ganin SSD ɗin? Kuma NVMe ne ko SATA? M.2 sunan siffa ne kawai, iri biyu ne a ciki.

Mai_Bidiyo:
Hajiya na duba BIOS, babu shi. Had disk da filash kawai ke nan. Shi dai M.2 ne, haka aka rubuta a kwali.

Hajiya_IT:
A ina ka duba? In jerin abin da kwamfuta ke tashi da shi ne, sabon disk da ba komai a kansa galibi ba ya fitowa a can. Duba shafin bayanan ajiya ko NVMe Configuration. In nan ma babu, to zancen direba bai taso ba tukuna. Ciro shi ka dubi bakinsa mai zinare. Tsaga ɗaya NVMe ne. Tsaga biyu, mafi yawanci SATA ne, kuma zai shiga gurbin lafiya lau ya ɗauru, amma gurbin sama da ke haɗe da firosesa kai tsaye PCIe, wato hanyar da NVMe ke bi, kaɗai yake ɗauka. Littafin madabod zai nuna maka wane gurbi ne ke karɓar SATA, in ma akwai.

Oga_Gyara:
Wa ke sayen M.2 SATA da sabon madabod yanzu? VMD ne Hajiya, in yana kunne wasu BIOS ɗin ma ɓoye disk ɗin suke a ƙarƙashin shafin RST.

Danladi_K:
A laftop aka fi samun wannan matsalar ta VMD Oga. Ni zargina zama ne bai yi ba. Ana saka shi a karkace kamar digiri 30, a tura har zinaren ya kusa ɓacewa, sannan a kwantar a ɗaure. Ɗan ƙarfen da yake hawa kai ya kasance a ramin 2280, wato faɗi milimita 22, tsawo 80. In babu ƙarfen aka ɗaure shi kai tsaye a jikin allo, lanƙwashewa yake, bakin ya ɗaga. Abin haushi, irin wannan bayanin sai a cusa shi can ƙasan littafi da ƙananan rubutu, ɗan sukurun ma a wata leda da ba ka lura da ita sai ka zubar da kwali.

Sani_Linux:
Shift da F10 a allon loda Windows, rubuta diskpart, sai list disk, select disk 0, clean, convert gpt. Shi ke nan.

Hajiya_IT:
Kada ka yi! Had disk ɗinka ne kaɗai ake gani, to shi ne disk 0. Clean zai share teburin fatishin ɗinsa, wato bayanin yadda aka raba shi, ayyukanka su tafi. Cire masa waya kafin komai. Ko SSD ya bayyana ma, in tsohon disk na jone, Windows na iya ajiye fayilolin tashinta a kansa, ranar da ka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi.

Mai_Bidiyo:
Ni ban ga abin cirewa ba, na riga na ɗaure wayoyin a baya tsaf, kuma ai ina lura da abin da nake zaɓa. Ƙarfen sanyaya da ke rufe SSD ɗin ma na ɗaure shi sosai, ba na son in yi ta kwancewa. Ya batun raba shi uku?

Oga_Gyara:
Wayar SATA ɗaya za ka zare, ba duka ba. Raba uku kuwa ɗabi'ar zamanin had disk ce, a SSD ba ta ƙara gudu, kuma in ya mutu duk ukun tare za su tafi. 1TB ɗin 931GB za ka gani, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Zaɓi filin da ba a raba ba ka danna Next, Windows za ta yanka wa kanta ƙananan sassan da take buƙata: EFI, da MSR mai 16MB, da na farfaɗowa. Filash ɗin kuma, in da manhajar Rufus ka yi, ya zama GPT da UEFI, wato sabon tsari, CSM mai ɗaukar tsohon tsari kuma a kashe a BIOS, don Windows 11 ba ta yarda da tsohon tsari.

Danladi_K:
Nan ban bi ka ba Oga. Mai aikin bidiyo gara ya ba C kamar 250GB, saura D, ranar sake loda Windows ba ya taɓa ayyukansa. Bayan an gama sai ya buɗe diskmgmt.msc, wato manhajar raba disk ta Windows, ya rage C da Shrink Volume, ya yi New Simple Volume da NTFS.

Oga_Gyara:
Sai C ya cika da fayilolin wucin gadi na manhajar bidiyo ya dawo nan yana kuka. Yana da 2TB a gefe, me zai yi da D?

Mai_Bidiyo:
Uku dai zan yi, haka na saba. Na shiga BIOS ban ga wani VMD ba, sai dai wani abu RAID. Ina tunanin in sabunta BIOS ɗin kawai.

Hajiya_IT:
Kafin nan, tsaga nawa ce a bakin SSD ɗin, Malam?