Shawarwari ga tsohon masoyin Daft Punk

Da Random Access Memories, kundin waƙoƙin Daft Punk (Faransawa biyu masu kiɗan na'ura), ya fito a watan Mayun 2013, wani da yake bin Daft Punk tun zamanin kundinsu na farko, Homework, na 1997 ya koka cewa Faransawan biyu sun juya wa kiɗan na'ura baya, sun ɗauko makaɗa na zahiri irin su Nile Rodgers mai jita. Cikin shawarwarin da mutane suka ba shi, wadda ta fi rinjaye ita ce ya daina tsallake waƙoƙi, ya zauna ya saurari duka 13 a jere, kuma da abin ji na kunne mai kyau, domin lasifikar waya tana cinye ƙasan sautin ganga, wanda a nan ne aikin yake. Wasu sun tuna masa cewa shekara takwas ke nan tun kundinsu na 2005, ba kuma za a sa ran mutum ya dawo da muryar jiya ba. A ganina shawara mafi amfani ita ce ta wanda ya ce ya fara da waƙar "Giorgio by Moroder" mai minti tara da ke cikin kundin, inda dattijo Giorgio Moroder, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan na'ura, yake ba da labarin farkonsa kafin na'urar ta karɓi kiɗan.