Lens ko filasha? Kamu saura sati biyu

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum masu hoto. Kamun ƙanwata saura sati biyu, da daddare za a yi a tsakar gida kuma ni aka ɗora ma hoton. Kyamara Canon 600D gare ni da lens 18-55 ɗin da ta zo da shi, dubu sittin ce a hannuna, in sayi lens 50mm f/1.8 na hannu ko in sayi filasha in haɗa softbox (akwatin tausasa haske) da kwali da foyil? Kuɗin ba su isa duka biyun.

Na Daura: Sai da kyamarar ka cika kuɗi ka ɗauki iPhone ka huta.

Mai Hoton Sabon Layi: 50mm ɗin. In ka ja 18-55 ƙarshe a f/5.6 yake tsayawa (in lambar f ta yi girma haske kaɗan ke shiga), shi ko 1.8 hasken da yake sha ya kusa ninki goma. Sai dai a 600D kamar 80mm zai koma, in gidan ƙarami ne sai ka manne da bango kafin mutum uku su shiga hoto.

Kawun Ƙofar Ƙaura: Ɗana ka rabu da kwali. Ni na haɗa shi, na liƙa foyil ciki na rufe bakin da farin yadi na sa ƙwan halojin, ana tsakar fesa ma amarya turare sai ƙauri, kwali ya kama ya faɗo kan leshin uwar ango, dubu arba'in na biya kuma har yau gidan nan ko gaisuwata ba su amsawa, shekara shida ke nan.

Hajiyar Kamu: Innalillahi, Kawu uwar angon ba ta ƙone ba dai?

Kawun Ƙofar Ƙaura: Allah ya tsare, ni dai yatsuna biyu suka sha.

Mai Hoton Sabon Layi: Ai halojin ne ya ja maka Kawu, filasha da LED ba su wannan zafin.

Kawun Ƙofar Ƙaura: Tun ana wankin fim nake ɗaukar hawan Sallah a Ƙofar Soro, ba a YouTube na koya ba.

Na Daura: Lens ɗin dubu 45 na gan shi a Kano.

Mai Hoton Sabon Layi: Yaushe rabonka da kasuwa? 85 aka ce mani wancan satin.

Ɗan Batagarawa: Wanda ya ce a sayi iPhone kuma shi ya san kuɗin lens 😂 Kawu a ba mu kwalin mu gasa tsire.

Hajiyar Kamu: Ni duk ba wannan ba, masu waya sun fi damuna, kina saita amarya sai ƙawaye goma su sha gabanki kowa da fitilarta, gobe kuma a ce hotonki bai yi ba a riƙe maki cikon kuɗi.

Kawun Ƙofar Ƙaura: Ko a ce sai ka mai da amarya fara sol.

Ɗan Ƙofar Marusa: To ni dai wanne zan saya jama'a?

Hajiyar Kamu: Ku kuna karɓar rabin kuɗi kafin aiki ne ko sai an gama?