Ina kalmar Hausa ta “fort”?

Jama'a, ku taimaka. Ina rubutu kan ginin Elmina da ke gaɓar tekun Ghana, na maƙale a kalma ɗaya ta Turanci: “fort”. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 don su tsare cinikin zinariya, bakin igwoyinsa na kallon teku. A 1637 Turawan Holan suka hau tudun Santiyago da igwa, suka yi masa luguden wuta ta bayan gida har ya faɗa hannunsu. Daga baya suka gina wani a kan tudun, kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Me za mu kira irin wannan gini?

Ni da na ce ganuwa. Wani Malam ya ce a'a, ganuwa gari take kewayewa, da kasuwa da rijiya har da gonaki a ciki, kamar ta Kano. Shi wannan soja ne da albarushi da rumbun kaya, mutanen gari suna waje. Na sallama. Sansani kuwa ana tashinsa in yaƙi ya ƙare, wannan ya haura shekara 500 yana tsaye.

Ribaɗi, wato wurin da Musulmi ke zama don gadin iyaka, shi ne ya fi ɗaukar mana lokaci. Wata Yaya daga Sakkwato ta kawo shi, da hujjarta: Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Tunisiya akwai ribaɗin Munastir a bakin teku, mai hasumiyar hangen jirage. Har na fara rubutawa. Sai hannuna ya ƙi. Ribaɗi ƙanshin ibada gare shi, mai zama cikinsa lada yake nema. Elmina kuwa a ɗakunan ƙasansa masu duhu aka riƙa tara bayi, a fitar da su ta wata siririyar ƙofa zuwa jirgi. Yaya, ki gafarce ni, ba zan yafa wa wannan gini rigar malamai ba.

Can wani dattijo ya ce, kun manta kagara? Shingen da ake kafawa don tare abokan gaba, sunan da har garuruwa suka gada. Ba ta da addini, ba ta da kasuwa. A ɗora mata igwa, shi ke nan: kagarar igwa.

Na gwada a jimla: “A 1872 Ingila ta karɓi kagarar igwa ta Elmina daga hannun Holan.” Ta zauna a baki. Baba, na ɗauka.