Waɗanda suka gyara saman silin ya zama ɗaki a Ingila, ina kuka bi da matakala?

Baban Amira, Manchesta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara sun girma, gidan ya yi mana kaɗan, shi ne muke son gyara saman silin ya zama ɗakin samari. Gidanmu irin na jere ne, bango ɗaya da maƙwabta hagu da dama. Na hau na auna, daga katakon silin zuwa ƙololuwar rufi mita 2.3. Matakala ce ta ɗaure mini kai. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari don Allah.

Maman Yusra, Birmingham: Wa alaikumus salam. Mu a kan tsohuwar matakala aka ɗora sabuwar, don kada a ci ɗakin kowa. Matsalar ita ce ta ɓullo daidai inda rufi ya gangaro, mutum na hawa zai buga kai. Dokar gini ta ce a bar mita 2 sama da matakala, amma a irin wannan aiki suna sassautawa zuwa 1.9 a tsakiya da 1.8 a gefe. Ko hakan ba mu samu ba, sai da aka fasa rufin baya aka turo shi waje kamar akwati. Gidan jere ana barin ƙarin da bai wuce kubik mita 40 ba ba tare da neman izinin tsara gari ba, amma mai duba gini dole ya zo.

Kawu Injiniya, Lesta: Baban Amira, 2.3 ɗin nan ba duka za ka samu ba. Katakon silin ba don ɗaukar mutane aka yi shi ba, sai an shigo da ƙarafa an shimfiɗa sabon daɓe a kai, sannan a cusa abin tare sanyi a rufi. Sama ta ci, ƙasa ta ci. Nawa gidan bai kai naka ba, dole muka sauke silin ɗakunan ƙasa. Ƙura har cikin tukunya, sai da iyali suka koma gidan ƙanwata. Tunda kan ƙarafan a bangon da kuke tarayya zai zauna, ka ba maƙwabta sanarwa a rubuce wata biyu kafin aiki, haka dokar bangon tarayya ta 1996 ta tanada.

Anti Hajiya, Landan: Ƙanena, ina roƙonka kada ka yarda da matakalar nan mai rabin taki, wadda ƙafar dama da ta hagu kowacce da nata wurin. An yarda da ita idan ɗaki ɗaya za ta kai kuma babu fili, shi ya sa magina ke saurin kawo ta. Muna da ita. Da Inna ta zo daga Kano, ta dafa ƙarfen gefe, ta ɗaga ƙafa ta sauke, ta ce a shimfiɗa mata a falo. Katifa ma da ƙyar ta hau. Ka sa a zana maka matakala ta sosai, wadda tsayuwarta ba ta wuce digiri 42 ba, ko da za a yanki ƙaramin ɗaki.

Maman Yusra: Na manta batun gobara. Gida ya zama hawa uku, don haka ƙofofin ɗakunan da ke buɗewa kan matakala duk an canza mana su zuwa masu jure wuta, an sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa. Idan matakalarku a cikin falo take sauka, za su iya cewa a gina bango har ƙofar waje.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Tamu a falo take sauka kuwa. Kawu, wa ya yi maka lissafin ƙarafan, ɗan kwangilar ne ko injiniya daban ka nema?