Don Allah a taimaka, mazan tarwadata ba sa ba da maniyyi mai kyau tun da sanyi ya shigo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifi, wallahi kaina ya kulle. Sau 3 kenan ina gwada ƙyanƙyasar tarwada duk ba nasara. Matan kam alhamdulillahi, na yi musu allurar homon, wato maganin da ke sa ƙwai ya nuna, na matse ƙwai ya fito, duk da ya ɗau lokaci fiye da yadda na saba. Matsalar daga mazan take. Kun san namijin tarwada ba a matse shi sai dai a yanka a ciro jakar maniyyin, to duk wanda na buɗe sai in tarar ta yi 'yar ƙarama, abin cikin tsararo kamar ruwa ba farin nan mai kauri ba, in zuba wa ƙwai washegari duk sun yi fari fat sun mutu. Maza 5 na yanka a banza, abin na min ciwo sosai.

Na auna ruwan tankin da asuba digiri 21 ne, da rana ya kai 25. Na san kifi zafin jikinsa na ruwan yake bi, kuma tarwada ta fi son 26 zuwa 30, shi ya sa nake zargin sanyin ne, don abincinsu ban canza ba.

To in na sa hita ruwan ya tsaya a 28, sati nawa mazan za su yi kafin maniyyin ya dawo daidai? Kuma a hankali zan ɗaga zafin ko lokaci ɗaya? Maza 4 kacal suka rage min, ina tsoron taɓa su.