Neman shawara: me zan duba kafin in cike fom ɗin kwas na sarrafa shara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da ma'aikatan kwasar shara, difloma gare ni amma ba a fannin muhalli ba. Ina son shiga kwas ɗin ƙaro ilimi na ma'aikata wanda ake ba da satifiket kan sarrafa shara da sake sarrafa kayan da aka zubar. Guda biyu na gani: ɗaya ta intanet zalla, ɗayan kuma ana zuwa aji a ƙarshen mako. Wanne ya fi? Waɗanne takardu ake nema? In na gama, satifiket ɗin zai ba ni damar buɗe wurin tara robobi na kaina?

Malama mai koyar da kimiyyar muhalli: Wa alaikumus salam. Malam, zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Satifiket ba lasisi ba ne. Izinin kwasar shara ko buɗe wurin sarrafa ta, hukumar muhalli ce ke bayarwa, da nata fom da nata binciken wuri. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, rubuta wa hukumar da za ka nemi izini a wajenta, ko wurin da kake fatan ƙarin girma, ka tambaye su ko sun san da wannan kwas.

Sai ka duba abin da za a rubuta a jikin takardar. Akwai shaidar halarta, akwai ta cin jarrabawa. Ta farko kowa ya zauna a aji zai samu, masu ɗaukar aiki kuma sun san haka. Ka nemi adadin sa'o'in karatu a rubuce. Inda ake ƙirga makin ƙaro ilimi da ake kira CEU, maki 1 na nufin sa'o'i 10 na koyarwa, to kwas mai maki 3 sa'o'i 30 ne kacal, komai tsawon sunansa. Ka kuma tambaya ko za a ƙirga maka darussan in wata rana ka nemi babbar difloma ko digiri.

Takardu kuwa galibi ba su wuce fom, kwafin shaidar makaranta, takardar tarihin aiki, wasiƙar shugabanka da ɗan bayanin dalilin neman kwas ɗin ba. In sun ce sai da cikakken sakamako daga tsohuwar makarantarka, shi za ka fara nema yau, shi ke cin lokaci. Sunanka kuma ya zama iri ɗaya a ko'ina. Harafi ɗaya ya bambanta, sai a ajiye fom ɗinka gefe.

Injiniyan masana'antar roba: Malama ta gama da takardu. Ni manhaja nake so ka karɓa ka karanta, tun da roba ka ambata. Kwas ɗin da zai tsaya a “rage, sake amfani, sake sarrafawa” bai kai ka ko'ina ba. Duba ko ana koyar da lambobin da ke gindin roba, 1 zuwa 7, da abin da ke faruwa in an gauraya su. Lamba 1 ita ce PET, gorar ruwa da lemo. Lamba 2 HDPE, jarka. Lamba 3 PVC, irin robar bututun ruwa, 4 leda mai laushi, 5 PP, wadda ake yin murafun gora da yawa da ita.

Bayan an niƙa, ana zuba ɓarzajjen a tankin ruwa. PET ta fi ruwa nauyi sai ta nutse, murafu da HDPE su taso sama a kwashe. Matsalar ita ce PVC ma nutsewa take, tare da PET. PET tana narkewa a wajen digiri 250 na Salshiyas, PVC kuwa tun kafin a kai nan ta fara ƙonewa tana fitar da iskar asid. Ƙwaya kaɗan sun isa su sa ɗigon baƙi da ruwan ɗorawa a kaya, mai saye ya dawo maka da lodin gaba ɗaya. Dole a tsince PVC tun kafin niƙa. Haka danshi: PET da ba a busar sosai ba kafin narkarwa tana fitowa da gautsi. Wannan ba a gane shi da hoto, sai an riƙe gorar a hannu an ga injin yana aiki. Don haka ni na aji zan zaɓa, muddin akwai ziyarar masana'anta da juji a rubuce cikin jadawali, ba alkawarin baki ba.

Jami'ar bin dokokin muhalli: Injiniya, a nan ban bi ka duka ba. Malam yana cikin shara kullum, ba ganin juji ne ya rage masa ba, doka da lissafi ne. Waɗannan kuwa intanet na koyar da su daidai: Yarjejeniyar Basel ta 1989 kan tsallaka iyaka da shara mai haɗari, gyaran da aka yi mata kan robobi wanda ya fara aiki a Janairun 2021, tsarin ISO 14001 na kula da muhalli a wurin aiki, cike takardar rakiyar kaya. Sharaɗina ɗaya, a samu malamin da ke duba aiki yana mayar da gyara. In bidiyo ne kawai da tambayoyin canki-canka, a bar shi. A kuma lura da ƙasar da aka tsara kwas ɗin dominta, don dokar shara ta wata ƙasa ba ta aiki a wata.

Mai kula da wurin yin taki: A ƙara da sharar da ke ruɓewa, don a wurare da yawa ita ce kaso mafi girma, kuma ita ke ɓata kwali da takarda in an haɗa. Kwas na ƙwarai zai koya maka ma'auni: kabon (daga busasshen kaya) da naitirojin (daga ɗanyen kaya) wajen 30 bisa 1, danshi kashi 50 zuwa 60 cikin 100, wato ka matse a hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya zubo ba. Zafin tsakiyar tsibi ya kai digiri 55 ya daɗe a haka don ƙwayoyin cuta su mutu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, sai a juya a ƙara busasshen ganye. Warin fitsari kuma ɗanyen kaya ne ya yi yawa. Kada ka yarda da manhajar da ba ta da darasin kariya: iskar gas ta mitan (methane) da juji ke fitarwa tana kamawa da wuta in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska, batirin litiyam kuma in motar matse shara ta murƙushe shi yana tayar da gobara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malama, a bayanin dalili me zan rubuta, tun da takarduna ba su nuna muhalli ba?

Malama: Kada ka buɗe da “tun ina yaro nake son tsafta”, kowa shi yake rubutawa. Ka kawo alƙaluma daga aikinka, da izinin shugabanka. Ɗauki mako guda, ka rubuta sawu nawa kowace mota ke yi da nauyin da take ɗauka. Rana ɗaya a juye kaya a kan tamfol, a gauraya, a raba gida huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna ta kusurwa a sake gaurayawa, har ya rage kamar kilo 100. A ware abinci, roba, takarda, ƙarfe da gilas, a ɗora kowanne a sikeli a fitar da kasonsa. Da safar hannu mai kauri da takunkumi, kuma da shebur ake baza kayan, saboda allurai.

Sai ka gwada lissafi ɗaya. Bankin Duniya a 2018 ya ƙiyasta matsakaicin sharar mutum a rana kilo 0.74. Mutum 10,000 ke nan tan 7.4. A ce kowace mita kubik tana ɗaukar kilo 200 kafin a matse, mita kubik 37 kake kwashewa kullum. Kwatanta da abin da motocinka suka auna, ka faɗi inda aka samu bambanci da abin da kake son kwas ɗin ya koya maka a kai. Shafi ɗaya ya isa. Wasiƙar shugabanka kuma ta faɗi mutum nawa kake kula da su, ta tabbatar za a sake ka ranakun aji da na ziyara.

Injiniya: In za ka tura, mayar da kowace takarda PDF, ka duba iyakar girman fayil da suka sa, ka ajiye rasit da lambar rajista. Ka kuma tambaye su ko kuɗin jarrabawa, kayan kariya da motar ziyara suna cikin kuɗin makaranta ko daban ake biya.