Sa wa Camaro SS robar tare tsakuwa: ku kawo abin da kuka sani

Mai Camaro: Salam 'yan uwa. Motar ƙirar 2018 ce, tsakuwa ta fara farfasa fenti a ƙasan ƙofa da gaban tayar baya. Waɗanda suka sa robar da ake ɗaurawa a bayan taya don tare tsakuwa, ya abin yake?

Mai Fenti: Alhaji, da ta gaba za ka fara. Tayar gaba ce ke watso tsakuwa, ita kuma bodin wannan mota ya buɗe ta baya don ya rufe taya mai faɗin milimita 275, shi ya sa nan ke shan duka. Amma kar a ɗora roba kan fenti tsirara. Yashi na shiga tsakaninsu, mota na girgiza, sai ya riƙa cin fentin kamar sanfefa. A yanko ledar kare fenti mai kaurin kusan milimita 0.2, a manna ta yadda za ta zarce gefen robar kaɗan, sannan a ɗaura.

Oga Makanike: Haka ne, maigida. Ta gaba ba sai an cire taya ba: karya sitiyari har ƙarshe, kwance sukurorin robar cikin madigadi, ka mayar ta ramukansu na asali. A kama su duka sako-sako, a daidaita, sannan a ɗaure da hannu. Injin ɗauri yana cinye zaren kilif, robar ta koma rawa. Ta baya kam gara a ɗaga da jak a cire tayar. Ban yarda a huda ƙarfe ba, ta nan tsatsa ke shiga.

Ɗan Gareji: In robar mai gam ce irin na kamfanin 3M, a wanke wurin, a goge da sifirit don cire man ƙyalli, ya bushe sarai. A danna da ƙarfi, kuma kar ruwa ya taɓa ta da wuri, sai bayan awa 72 gam ɗin ke gama kamawa. Yawancin waɗanda ke ɓallewa kan man folish aka manna su.

Oga Makanike: Ƙari, a guji doguwa. Motar a ƙasa take, in ana ribas taya na iya danne robar da dakalin titi, ta fizgo har da kilif.

Mai Fenti: Inda ya riga ya fashe kuma a ɗiga masa fenti tukuna, ya bushe, kafin leda ta hau.